Allon Da Malam Dalhatu Ya Bari Ba A Goge Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yunin wannan shekara ta 2002, Allah ya karɓi ran Malam Dalhatu, malamin Turanci na firamaren unguwarmu a nan Kabo. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A gidansa na Gwarzo ya rasu. Dama duk Juma'a yake tafiya gida, ya dawo Litinin da sassafe. Da Litinin ta zo ba mu gan shi ba, sai muka ce ko wahalar mai ce ta hana motoci fitowa, don ba yau aka fara ba. Ranar Talata da hantsi hedimasta Malam Zailani ya zo ya tsaya a ƙofar aji, bai yi sallama ba, bai shigo ba. Ina ganin tsayuwarsa na gane.

Sunana Asta. Ni ce nake zama da 'yan matan aji shida. Ban taɓa rubuta irin wannan ba, kuma karatuna bai kai ba, duk wanda ya ga kuskure ya yafe min. Na jira ne ko wani mai ilimi zai rubuta, na ga kowa ya gaji, kowa yana fama da gonarsa da gidansa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Baba Malam, da kai zan yi maganar, don da kai na saba.

Ka tuna yadda na zo. Ni mutuniyar wajen Lakwaya ce, iyayena makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Firamare na gama, na ɗan leƙa sakandare, kuɗin makaranta ya gagara na dawo gida. Bara maigidana Jalo ya kawo ni Kabo. Ban san kowa ba, ko hanyar kasuwa sai an raka ni. A lokacin ne maganar shari'a ta yi ƙarfi, dattawan unguwa suka ce 'yan matan aji shida sun girma, ba za su ƙara zama benci ɗaya da maza ba, kuma lallai a samu mace ta zauna da su, in ba haka ba kowa ya riƙe 'yarsa a gida. Malama mace babu, ɗaukar sabbin ma'aikata kuma an ce an dakatar. Sai wata maƙwabciyarmu ta ce ai ta ga amaryar Jalo tana karanta sunan magani a jikin kwali. Wallahi iyakar jarrabawar da aka yi min ke nan.

Aka kafa zana a tsakiyar aji, maza a dama, mata a hagu, allon bango guda ɗaya. Kai aka yarda ka tsaya a gaba saboda furfurarka. Ni kuma aka ajiye min kujera a cikin 'yan mata. Ranar farko na shigo na zauna. Ka kalle ni ta saman tabarau ka ce, "'Yar Fulani, ina kika baro shanun?" Yara suka kwashe da dariya, na ji kamar in fita da gudu. Sai ka buga sanda a tebur ka ce, "Ni kaɗai zan kira ta haka. Ku kuwa Malama Asta ce. Wanda ya manta zai share filin makaranta shi kaɗai." Tun daga ranar ba wanda ya manta.

Littafin karatu ɗaya ne a ajin, shi ma gara ta cinye rabinsa. Ba ka taɓa zama kana kukan littafi ba. Kai kake ƙirƙiro labari da Turanci ka rubuta a allo da hannunka, kana saka sunayen yaran a ciki, da kasuwar Kabo, da rafin bayan gari. Allon ma kai kake baƙanta shi da baƙin tsohon batir. Alli kuwa a aljihun rigarka yake zama cikin gwangwanin ashana, ko guntu bai kai ƙwayar gyaɗa ba ba ka yar da shi.

Kana da doka ɗaya da kowa ya sani, har masu gadi. Ba a goge allo sai kowane yaro ya iya abin da ke kai. Ka ce a makarantar allo ka koyo, ai ba a wanke wa yaro allonsa bai biya ba, to don me za a wanke na boko? Wani lokacin labari ɗaya ya yi sati biyu yana kallonmu. Malamin lissafi ya yi ta mita, dole sai a ɗan gefen da ka yanka masa yake rubutu. Da damina ta faɗi kwanon ajin yana yoyo daidai bangon, sai ka samo buhunan taki ka ɗinke su, kullum in an tashi mu rufe allon kamar ana lulluɓe mara lafiya.

Ni da safe kake koya min, kafin yara su gama shara. Kana bakin ƙofa, ina gaban allo. Abin da za a yi ranar sai ka fara yi da ni, don kada in ji kunya a gabansu. Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Har yau wasu iyayen suna zaton da iyawata na zo.

Akwai ranar da ba zan manta ba. An kira ka taro a ofishin ilimi, ka bar min 'yan mata kwana uku. Ni kuma na yi da su yadda aka yi da ni a gida, yadda muke hadda. In faɗa su maimaita, in faɗa su maimaita, suna rangaji, har murya ta daidaita ta yi daɗi. Da ka dawo na ce, "Baba Malam, sun iya, a goge." Suka tashi suka rero maka labarin daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ina ta murna. Ka ce su juya wa allon baya su sake. Suka sake, tsaf. Ka ce, "To madalla. Allon ma ashe ba ma bukatarsa, a kai wa mai shayi ya yi tebur." Sannan ka ɗauki sanda ka ɗora a kan kalma ɗaya a can tsakiya ka ce, "Zinnira, wannan fa?" Shiru. Ka matsa ƙasa. Shiru. Duk ajin ba wadda ta iya.

Ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba ka yi min faɗa ba. Da aka tashi ka ce, "Malama Asta, abin da kika yi ba ɓarna ba ce, kunnensu kika koya wa. Saura ido." Daga nan gwajin ya zama na sanda. Daga ƙasa kake farawa ka yi sama, ka tsallaka nan, ka koma can, yadda hadda ba za ta ceci kowa ba. Sai yarinya ta karanta inda sanda ta sauka, sannan ta faɗi ma'anarsa da Hausa.

Haka kake koyar da komai, da ƙafa da hannu. Da za ka nuna musu yadda Turanci yake canja magana in abu ya wuce, sai ka ce bayan aji shi ne jiya, tsakiya yau, bakin ƙofa gobe. Yarinya ta tsaya a jiya ta ce ta ci tuwo, ta tako yau ta ce tana ci, ta je ƙofa ta ce za ta ci. Wata rana Zinnira ta tsaya a ƙofa ta ƙi dawowa, ta ce ita a gobe za ta zauna tunda can ne kullum ake cewa albashin Malam yake. Ka yi dariya har da tari. Rubutu kuma a ƙasa suke fara shi da tsinke, a inuwar darbejiya, sai hannu ya faɗa sannan a taɓa takarda, don takardar ba ta da yawa.

Na san ka gaji, Baba Malam. A watannin nan na ƙarshe sai ka rubuta layi biyu ka dafa bango ka huta. Ƙafarka tana kumbura, takalmin ma take shi kake yi. In na ce ka zauna in rubuta maka, sai ka ce, "Bari dai, ranarki tana zuwa." Ni na ɗauka wasa ne irin naka.

Labarin ƙarshe da ka rubuta na akuyar Murja ne. Murja ita ce babba a ajin, kuma ita ce kullum ta ƙarshe. Sai ta gama daka da ɗebo ruwa take zuwa, ta zauna tana gyangyaɗi. Hadda kam ba wadda ta kai ta, amma da sanda ta sauka sai idonta ya cika da hawaye. Don ita ka sa akuyarta a labarin. Akuya ta tsinke igiya, ta bi ta gonar wake, ta isa bakin rafi ta tarar ruwa ya kawo. Nan ka tsaya. Yara suka ce, "Malam, ta haye?" Ka ce, "In Murja ta karanta wannan, Litinin za ku ji." Ka rufe gwangwanin allinka ka tafi tasha.

Bayan an yi sadakar uku aka kwashe mazan aka haɗa su da malamin aji biyar. Shi saurayi ne, dattawa suka ce ba zai tsaya gaban 'yan mata ba. Wani malamin kuma ba za a turo ba. Malam Zailani ya kira ni, shi ma duk ya rame, ya ce, "Asta, ba zan ɓoye miki ba. In za ki iya riƙe su, ki goge allon nan ki ci gaba. In ba za ki iya ba ki faɗa min, ranar Juma'a in sallame su, kowa ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a goge shi. Murja ba ta biya ba."

Ya ce, "Mai dokar ya tafi, Asta."

Na fito na koma aji. Gaskiyar magana, ba dokar kaɗai ce ta riƙe ni ba. Muddin rubutunka yana kan bangon, ina ganin kamar akwai malami a ajin. In na goge, sai ni. Ni da ko wasiƙa ban taɓa rubutawa da Turanci ba. A gida Jalo ya ce in na ga ba zan iya ba in haƙura, ba abin kunya ba ne, kuma na san tausayina yake ji. Na kwana biyu ina shiga ajin ina yaye buhu ina mayarwa, ba abin da nake koyarwa. Yaran ma wasu sun fara daina zuwa.

Ranar Alhamis Murja ta riga kowa zuwa, hannunta duk dusa. Ta ce, "Malama, wai gobe za a kore mu?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki ɗauki sandar." Na ce ta bari sai ta shirya. Ta ce, "Ni fa na gaji da tsayuwar akuyar nan a bakin ruwa."

Sauran suka shigo suka zauna. Na ɗauki sandarka, ta yi min nauyi. Na fara daga ƙasa yadda kake yi. Na ɗora a kan rafi, ta daɗe tana kallo, leɓenta yana motsi, sannan ta faɗa. Na tsallaka sama na ɗora a kan igiya, ta faɗa. A kan wake ta tsaya cak, Zinnira ta buɗe baki za ta raɗa mata, Murja ta juya ta ce, "Ke, rufa min baki, akuyarki ce?" Ta koma ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har ta fito da ita. Ban bar mata kalma ko ɗaya ba, Baba Malam, ban yi mata sauƙi ba, na san ba za ka so ba. Sai da muka kai layin farko na lura ashe ni ma ba inda na tsaya ina tunanin ko daidai ta faɗa. Duk na sani. Kai ka san na sani, ni ce ban sani ba.

Ba wanda ya yi tafi. Murja ta ɗauko tsumma ta jiƙa ta miƙo min. Na goge. Ban iya kallon hannuna ba lokacin da nake yi.

Dama iyalinka sun aiko min da gwangwanin allin ta hannun ɗanka Abdulnasir, ya ce kai ka ce a ba 'yar Fulani. Na buɗe na ɗauki guntu ɗaya na ci gaba da labarin a allo. Rubutuna karkatacce ne, yana gangarowa kamar zai zube, kuma layi uku kawai na iya. Na san akwai kuskure a ciki, Malam Zailani ya zo ya gyara min ɗaya, bai tayar da maganar sallamar Juma'a ba, ya fita. Ban san ko zan kai su jarrabawa ba. Ban san ko baɗi za a bar ajin ba. Na gaji tun yanzu, kuma ban yi ko kwatan shekarunka a gaban allo ba. Amma akuyar ta haye, Baba Malam. Ni na haye da ita. Yau kwananta huɗu a kan allo, saura yara biyar ba su biya ba, kuma ba zan goge ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Duk harafin da yaran nan za su karanta har ƙarshen rayuwarsu, Allah ya kai ladan gare ka. Allah ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Inna Sabuwa, da Abdulnasir da Badi'a da sauran 'ya'ya da jikoki, da mutanen Gwarzo da na Kabo, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sandarsa. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Asta matar Jalo,
aji shida na mata, Kabo.