Radivoj da Na'urar Fim

Radivoj ya fi shekara ashirin yana jera haruffan dalma a maɗaba'ar gwamnati ta garinmu Sombor, har ranar da aka rufe ta aka ce kowa ya kama gabansa. A can na san shi, ina sashen ɗinkin littattafai. Dogo ne, ba ya son yawan magana, yatsunsa kuma sun yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa. Kawu muke ce masa, mu matan sashen.

Da zaman gida ya yi tsawo, 'yarsa Senka da ke aikin jinya a Jamus ta matsa masa ya taho da mahaifiyarta Zorka, har ɗaki ta samo musu. Sun fara ɗaure kaya ke nan sai ga Budimir.

Budimir kum ɗinsa ne. Radivoj ne ya tsaya masa a coci ranar aurensa, shi ya riƙe 'ya'yansa aka yi musu baftisma, kamar yadda ubansa ya yi wa uban Budimir. A wurinmu mutum yakan yi faɗa da wanda suka fito ciki ɗaya, amma kum ba a ɗaga masa murya. Budimir yana da ɗan shagon ɗab'i a bayan kasuwa, inda ni ma na samu wuri. Matsalarmu ɗaya: kafin a buga komai sai an mayar da shafi fim, daga fim a yi farantin da inji ke bugawa da shi, mu kuwa sai mun aika birnin Novi Sad a motar haya. Sai Budimir ya sayo tsohuwar na'urar fim daga wata maɗaba'a da ta mutu a Ostiriya.

"Kum, ina za ka da tsufanka?" in ji Budimir. "Ka je ka maƙale a bene kana leƙen motocin mutane? Zo ka tayar mana da wannan abu. In ta tashi, ɗakin fim naka, inji nawa, shago namu."

Zorka ta ce, "To a rubuta mana."

"Haba Zorka, tsakanina da kum?"

Radivoj ya harare ta. Aka kwance kaya.

Na'urar ta kai girman firjin mahauta, ta zo a kwance cikin akwatin katako, wayoyinta a buhu. Radivoj bai taɓa ganin irinta ba, kwamfuta ma da yatsa ɗaya yake latsa ta. Ya fara da ƙasa: ya fasa daɓen ɗakin baya ya zuba siminti, don in ta karkace ko kaɗan hasken da ke zana haruffa a kan fim zai kauce. Ya toshe taga, Zorka ta ɗinka masa baƙin labule. Da aka haɗa ta da sabuwar kwamfutar Budimir ta ƙi motsi, ashe sai da tsohuwar kwamfuta sa'arta take aiki. Radivoj ya bi makarantu da ofisoshi a kan kekensa har ya samo wata da aka jefar a sito. Bayanin na'urar da Jamusanci yake, Senka ce ke fassara masa ta waya, tana yi tana mita.

Fim na farko ya fito fari fat. Na biyu baƙi ƙirin. Ruwan maganin da ake wanke fim a ciki ba ya son sanyi, mu kuwa muna tsakiyar hunturu, sai ya ɗauko hitar ɗakin kwanansu ya kawo.

"Kawu, Zorka ba ta kore ka ba?" na tambaye shi.

"Ta ce in kwaso bargona in tare wurin amaryar gaba ɗaya."

Ƙanƙara ta fara narkewa ranar da ya fito daga bayan labule riƙe da fim, ya ɗaga shi saitin taga. Haruffa tas, har ɗigon wasali. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar. Budimir ya rungume shi, ya kai mu bakin kogi muka ci miyar kifi mai barkono.

A makon Budimir ya kawo wani baƙo mai jar rigar fata, ya ce mai kawo aiki ne daga Novi Sad. Radivoj ya fitar masa da fim bayan fim, yana nuna masa komai da murna, har inda ake goge madubin ciki da auduga.

Wata Litinin da safe babbar mota ta tsaya a ƙofa, baƙon nan ya sauko da ƙarti biyu. Budimir bai zo ba. Baƙon ya ce sun zo ɗaukar na'ura.

"Wace na'ura?" in ji Radivoj.

"Tawa mana, dattijo. Tun tana cikin katako muka daidaita da Budimir. Na ce ba zan karɓa ba sai na ga tana aiki, ya ce yana da mai tayar da ita. Bai faɗa maka ba?"

Radivoj ya ɗaga wayar shago ya kira gidan Budimir. Ina tsaye kusa, ina jin muryar.

"Kum, ka fahimce ni. Garin nan ba shi da aikin da zai ciyar da ita. Da na faɗa maka da ba ka yi ba."

"Da na yi," in ji Radivoj. "Da ka tambaye ni kawai." Ya ajiye.

Ɗaya daga ƙartin ya kama wata waya mai kauri a jikin na'urar zai fizge. Radivoj ya riƙe hannunsa. Ya cire kwat, ya kwance na'urar da kansa, yana ɗaure kowace waya da zare mai launi don su gane mazauninta. Ya tsiyaye ruwan maganin, ya naɗe madubin a rigar sanyinsa. Ya tsaya har motar ta tashi. Sannan ya hau kekensa, bai sake taka shagon ba. Ni ma ban kai bazara a wurin ba.

Ɗakin Jamus ya riga ya kuɓuce, Senka kuma ta yi fushi ta daina maganar. Radivoj ya buɗe gyaran keke a zauren gidansa. In ya hango Budimir a kasuwa sai ya tsallaka titi.

Da aka haifa wa Budimir jika, ɗansa ya zo wurin Radivoj da kansa, kai a sunkuye, don ba wanda zai riƙe jaririyar a baftisma sai kum. Zorka ta ce ko gawarta ba za ta je ba. Radivoj ya aske gemu ya tafi shi kaɗai. Ya riƙe yarinyar, ya raɗa mata suna Vidosava. A ƙofar coci Budimir ya miƙo masa hannu, shi kuwa ya gyara wa jaririyar hula ya miƙa ta ga uwarta. Bai je walima ba.

Bara na kai masa kekena. Idonsa ya yi rauni, da laluben yatsa yake gano inda taya ta huje. Na ce masa Budimir yana kwance ba lafiya.

"Na ji," ya ce. "Riƙe min nan, kar ki saki sai gam ya kama."