Neman Ƙotar Bindiga a Hauta

Daga Ulaisha

Mun bar unguwar Ulaisha, a nan ƙasar Larabawa, bayan sallar asuba, ni da Injiniya Matti, mutumin Finland da nake tuƙawa a kamfanin gine-gine. Mu 'yan Najeriya Malam Mati muke ce masa, yana kuma amsawa. Bindigar na bayan mota naɗe cikin bargo, takardar izininta da kafilinmu, ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya samo tana aljihuna tare da iƙamata ta zaman ƙasa.

A wani shagon tsofaffin kaya a kasuwar Batha Mati ya gan ta, da tambarin sojan ƙasarsu a jikin ƙarfen, har da lambar gundumarsu. Wansa ya tafi yaƙin da suka yi da Rasha da irinta, bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Mati ya ce a gabansa wan ya zana alamar gidansu da wuƙa a ƙotar bindigarsa. To amma ƙotar wannan sabuwa ce, an yi mata ado da ƙusoshin tagulla. Tsohuwar muka fita nema. A raina na ce allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Al-Kharj

Hantsi bai gama dubawa ba muka shiga Al-Kharj, tafiyar kamar kilomita tamanin. A bakin gari ɗan sanda ya ɗaga bargon, ya karanta takarda, ya ce yalla, mu wuce. Muka karya da gurasa da wake a wata rumfar Yamalawa, sannan muka nemi dillalin da mai shago ya kwatanta mana. Dillalin ya ce daga hannun wani tsoho ya karɓe ta, Abu Nasir, mai raƙuma a bayan Hauta. Shi ya canza ƙotar da ta tsage.

A hanya na ja wa Mati kunne. Baƙo a wurin mutanen nan ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha gahawa. Ya ce to.

Hauta

Bayan azahar muka sauka daga kwalta muka bi yashi har tantin Abu Nasir. Tsohon ya tarbe mu kamar ya san da zuwanmu, ya shimfiɗa mana kilishi, ya zagaya baya yana neman abin hura wuta. Ice ya yi wuya a wurin. Muka ji yana sara, can ya dawo da 'yan faskare ya hura, ya soya gahawa ya daka.

Ina kallon Mati sai na ga ya daskare. Ya raɗa mini cewa ɗaya faskaren icen ƙasarsu ne, ga haɗin nan mai kama da yatsun da aka sarƙe, irin wanda maƙeran sojansu ke yi wa ƙotar bindiga. Kafin ya yunƙura wuta ta cinye shi. Ya karɓi finjalin da hannun dama kamar yadda na koya masa, ya sha.

Da na fassara wa Abu Nasir abin da ya kawo mu, sai ya ce wajen wani Bayamale ya sayi bindigar lokacin yaƙinsu, tsohuwar ƙotar kuwa shekara da shekaru yana turke da ita, ita ce ya faskara ɗazu. Na tambaye shi ko da zane a jikinta.

"Akwai wani ƙarce," in ji shi. "Wallahi ɗana, ban taɓa tsayawa na duba ba."

Ya rantse sai ya yanka mana tunkiya. Muka ci, ba don muna jin daɗinta ba. Na tausaya wa su biyun, ban san wanda ya fi ba ni tausayi ba.

Komawa

Da za mu tashi, Mati ya zazzage gwangwanin tabarsa ya durƙusa ya cika shi da tokar murhun. Tsohon ya taya shi da hannunsa.

Sai da muka wuce Al-Kharj na ce, "Malam Mati, ai ba ka tabbatar tasa ce ba."

"Ban tabbatar ba, Sani. Amma mahaifiyarmu ta tsufa, kuma ramin da ta tanada masa a maƙabarta har yau babu komai ciki."

Mun iso Ulaisha ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode masa da na san inda kabarin mahaifina yake a Zariya.