Eriyar da Na Kafa a Kan Soronmu

Shekarar da na samu lasisin rediyon da ake hira da mutanen wasu ƙasashe, na tashi haɗa eriya. Bututu iri biyu ne a kasuwa, na jan ƙarfe da na alminiyom. Wana, wanda ya gaji ƙirar gidanmu a Dala, ya ce in ɗauki jan ƙarfe. Yana da nauyi, amma yana karɓar dalma, in ka liƙe masa waya sau ɗaya ka huta. Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Na ce zamani ya wuce nan, na sayo alminiyom don ba shi da nauyi.

Alminiyom ba ya shan dalma. Da noti na ɗaure wayar, ruwan sama na taɓa mahaɗin sai ya yi fari kamar an barbaɗa toka, magana ta ɗauke. Dole in hau in kankare.

A cikin gari kuwa namiji ba ya hawa soro haka kawai, don tsakar gidan maƙwabta a buɗe take. Sai ka aika, sannan ka ɗaga murya ka ce za a hau sama, mata su shige ɗaki. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya ƙawar mahaifiyata, da 'ya'yanta mata huɗu, haka suke barin girki da wanki su jira ni. A damina guda na hau sau tara. Wana ya ce ina cin haƙurin mutane, zumuncin shekara arba'in ba abin wasa ba ne. Na ce ai ba su yi ƙorafi ba.

A hawa na goma na yi shela, ban ji motsin kowa ba. Da na kai sama sai na ga kwanon rufi sabo fil ya rufe tsakar gidan Hajiya kaf.

Kunya ta kama ni, na sauko na je ba da haƙuri. Na tarar da Hajiya tana tankaɗe a cikin duhu da rana tsaka, gumi na zuba.

"Ba komai, ɗan nan," in ji ta. "Yanzu sai ka hau duk sanda kake so."

A satin na canza zuwa jan ƙarfe. Shekara shida ke nan ban sake hawa ba, su kuma ba su cire kwanon ba.