Lorna da Ƙudajenta

Shekara talatin da ɗaya matata Lorna ta yi tana kiwon ƙudan 'ya'yan itace a ɗakin binciken wata jami'a a nan Oregon, kuma a tsawon wannan lokaci ba mu taɓa yin tafiyar da ta wuce kwana goma sha biyu ba.

Ga dalili. A fiffiken ƙuda akwai gashi ƙanana, kowane a kan ƙwayar halitta guda, dukkansu suna fuskantar bakin fiffiken. Abin da masana ke nema shi ne yadda kowace ƙwaya ta san gabanta da bayanta. Lorna ce ta gano wani irin ƙuda wanda gashinsa ke murɗewa kamar tsakar kan jariri, kuma ba a da shi ko'ina sai a kwalabenta. Ƙuda kuwa ba ya ajiyuwa a ƙanƙara. Tilas a sauya masa kwalba da abinci kafin tsohon ya lalace, in ba haka ba irin ya ƙare.

Da ta yi ritaya, na shirya mana mako shida a Maine, can ɗaya ƙarshen ƙasar, wajen 'yarmu Thea, wadda ta haihu. Farfesa Haverkamp, shugabanta, ya yi alkawarin kula da irin.

"Mutumin da ya manta motarsa a filin jirgi wata guda?" in ji Lorna.

"Ba aikinki ba ne yanzu," na ce. Ta ci gaba da haɗa kaya, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

A jirgin ƙasa, wajen Montana, na buɗe jaka neman safa, sai na tarar da kwalaben ƙuda huɗu a cikin safata.

"Lorna, mene ne wannan?"

"Rage murya, tsoho, ka sa su a aljihun ƙirjinka. Sanyi ya yi musu yawa."

"Shekara arba'in ina koyarwa, yau na zama kaza mai kwanci?"

"Kaza ba ta surutu haka."

Haka na ratsa ƙasar nan ban kwanta rubda ciki ba.

Da muka isa, Thea ta miƙo jariri. Lorna ta sumbace shi, ta miƙo mini, ta tambayi inda garin masara da yis ɗin burodi suke, domin abincin kwalaben ya fara bushewa. Ta shiga kicin.

Washegari Haverkamp ya bugo waya, murya ƙasa-ƙasa. Wasu ƙananan ƙwari sun cinye ƙudajen da ke nasa kwalaben, yana tambaya ko ta san wani mai sauran irin.

Lorna ta dube ni ta saman tabarau.

"Orville, ciro su a hankali," ta ce. "Kada ka girgiza."