Gadon Baba Ɗanjuma Tela

Har gobe ban manta ba da ranar da wata tsohuwa ta wanke ni tas da zagi daga Ringim, ni kuwa ina zaune a ofishinmu na unguwar Titiwangsa a Malesiya, na sha kwat ina jin kaina wani babba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku matso ku ji, don kada ku kwashi irin rabon da na kwasa.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda baƙin da ke cikinmu. A nan Kuala Lumpur, idan mutum ya rasu ba a san danginsa ba, asibiti kan ajiye gawar, 'yan sanda su rubuta rahoto, sai magana ta koma hannun hukumar gari. Hukumar ba ta da masu bin sawun dangi har wata ƙasa, don haka takan ba kamfanoni irin namu aikin, ta yanka mana wa'adi. In mun samo ɗan'uwa na jini ya sa hannu, sai a ba da gawar a yi mata sutura da sunanta, kayan mamaci su tafi ga magada. In wa'adi ya cika ba kowa, sai a binne shi cikin marasa dangi, kabarinsa lamba kawai.

A lokacin ni ƙaramin jami'in bincike ne, wata huɗu da kama aiki. Wata Litinin bayan ƙaramar Sallah, shugabata Puan Salmah, wato kamar mu ce Hajiya Salma, ta ajiye mini fayil a tebur. Ta ce, "Rabi'u, mutumin ƙasarku ne. Mako biyu aka ba mu."

Tela ne, dattijo, 'yan kasuwar Masjid India suna kiransa Baba Ɗanjuma. Ya fi shekara ashirin yana yi musu ɗinki, amma ba wanda ya san garinsu. Na je ɗakinsa a unguwar Chow Kit, saman wani shagon busasshen kifi, na yi kwana biyu ina bincike har warin kifi ya kama kwat ɗina. A ƙarshe na zaro aljihun keken ɗinkinsa, sai ga lambar waya an rubuta a jikin katakon, da suna da gari a gefe: Yaya Indo, Ringim.

Wallahi sai da na taka rawa ni kaɗai a ɗakin. Na ce aiki ya ƙare.

Muna da takardar da ake karantawa a kiran farko, ofis ne ya tsara ta. Na mayar da ita Hausa kalma bayan kalma, na jira la'asar ta yi a nan don gari ya waye sosai a gida, na buga. Wata murya mai kauri ta ɗauka. Na ce, "Salamu alaikum. Ina kira ne daga ƙasar Malesiya. Ɗan'uwanki ya rasu, ya bar kaya, muna neman magada."

Ta ce, "Magada? Ai ka makara, ɗan nan. Makon jiya wani ya kira ni daga Dubai, can ma na ci gado. Ku je ku nemi sana'a, 'yan damfara kawai!" Ta kashe.

Washegari na sake bugawa. Ta ce, "Kai ne na jiya? Allah ya shirye ka, in kuwa ba ka shiryuwa ya yi mana maganinka." A karo na uku ko canza murya ba ta yi ba, ta ce, "Lambar da ka kira ba ta nan," ta kashe. Daga nan ta daina ɗauka gaba ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da digiri biyu a ce mini ɗan damfara! Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, na je na ce wa Puan Salmah a rufe fayil, dangin ba sa so. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. "Ba su ce ba sa so ba. Kai suka ce ba sa so."

Da yamma na zauna a shagon mamak, wato masu shayin nan Indiyawa, ina shan shayi, na kira Inna a Kano don in huce. Ashe wani wankin zan sha.

"Kai Rabi'u, boko ne ya cinye maka hankali? Ina ka taɓa jin baƙo ya faɗa wa babbar mace mutuwar ƙaninta ta waya? Kuma ka haɗa mata da maganar gado, gawa ko ƙasa ba ta shiga ba! Ni ma da ni ka kira, zaginka zan yi. Mutuwa da ƙafa ake kai ta."

Na ce, "Inna, ƙafata tana Malesiya."

Ta ce, "Ta Kawunka Sale tana Kano."

Da sassafe Kawu Sale ya hau mota zuwa Ringim. Da ya yi cigiya aka kwatanta masa gidan Yaya Indo, bai nufi can ba sai da ya nemo limamin unguwar. Suka yi sallama, aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da ƙoƙari, sannan liman ya faɗa mata yadda ake faɗa. Sai da ta yi kukanta ta share hawaye, Kawu ya kira ni ta bidiyo. Na durƙusa a tsakiyar ofis na yi mata ta'aziyya, abokan aikina suna leƙe.

Ta ƙura mini ido. "Kai ne mai gadon? To faɗa mini, me ya bari?"

Na san wannan ce jarrabawar. Na ce, "Yaya, keken ɗinki ɗaya, tsoho. Tabarmar sallah, buta, da almakashi biyu. Sai akwati mai riguna bakwai na atamfa, ɗinkakku, kowace an manna mata takarda: Yaya Indo, Sallah."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Shi ne! Wallahi shi ne. Da ka ce gida ko mota, da na san ƙarya kake. Ɗanjuma bai taɓa barin kwabo ya kwana a aljihunsa ba. Ya ɗinka, kunyar aikowa ta hana shi, ko? Ja'iri. Kawo takardar."

A ranar ta dangwala yatsa a takardar da na tura wa Kawu, liman ya yi shaida. Saura kwana ɗaya wa'adi ya cika aka ba mu gawar. Ɗalibanmu Hausawa da 'yan kasuwar Masjid India suka cika sahu, aka rufe shi da sunansa da na mahaifinsa a kan kabarin. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, kuma na ji daɗi.

Bayan wata biyu akwatin ya isa Ringim. Yaya Indo da kanta ta kira ni. Ta ce, "Ɗan damfara, ka ji aikin ƙanina? Da awona na shekara ashirin baya ya yi ta ɗinki, ko hannuna bai shiga ba!" Ta raba shida wa jikoki, ta ajiye ɗaya a ƙasan adakarta.

Tun daga nan Puan Salmah ta sa aka gyara takardar kiran farko. Yanzu layinta na farko tambaya ce: wa za mu tura? Ku riƙe wannan. Hukuma magada take nema, amma wanda za ku tarar a ƙarshen wayar mutum ne da aka yi wa mutuwa bai sani ba. Ku fara yi masa ta'aziyya, takarda ba ta gudu. Ni dai har yau duk Sallah sai wayar Yaya Indo ta shigo daga Ringim, kuma ba ta taɓa kirana Rabi'u ba.