Yaya da Idon Kyamara

Kowa a layinsu Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tela ce, kekenta na bakin ƙofar shago. Daga ciki kuma ƙaninta Auta mai hoto ne, da labulensa mai zanen teku da kujera ɗaya. Furfura ta gama cinye kan Auta, amma sunan ya ƙi sakinsa.

Kyamararsa tsohuwa ce mai fim, da gilasai biyu da ake sauyawa. Idanu yake kiransu: gajeren ido na taron mutane, dogon ido na fuskar mutum ɗaya. Yaya ba ruwanta da su. Dokarta ɗaya, kada a ajiye mata su kan yadin mutane.

Sai hannun Auta ya fara rawa. Da farko ya ce sanyi ne, daga baya ya ce shayi ne ya yi masa yawa. Wata rana wani direba ya kawo iyalinsa, aka ɗauke su tare, sannan ya ce a ɗauki tsohuwarsa ita kaɗai. Auta ya cire gajeren ido, ya ɗauko dogon, amma idon ya ƙi shiga. Ƙarfe na ta bugun ƙarfe, tsohuwa na zaune tana jira, murmushin ma har ya huce.

Yaya ta tsayar da keke ta shigo.

“Kawo nan.”

“Yaya, wannan fa ba zare da allura ba ne.”

“Na ji. Faɗa mini yadda ake yi.”

Ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa: a kifa bakin kyamara ƙasa don kada ƙura ta shiga, a haɗa jan ɗigo da jan ɗigo, a murɗa a hankali sai an ji ƙas. Kada yatsa ya taɓa gilashin. Ta murɗa ta baibai, ya gyara mata, ta sake. Idon ya ce ƙas.

Daga ranar, duk sanda za a sauya ido sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta tashi. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Da rawar ta ƙaru, hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, sai ya miƙa mata kyamarar gaba ɗaya. Fim ɗinta na farko rabin mutanen ba su da kai.

“Kin saba yanke wuyan riga,” in ji Auta, “yanzu kin koma na masu rigar.”

“Ci gaba da baki, kai ma zan zo kanka.”

A hankali hannunta ya faɗa. Aikin ya rabu biyu: Auta ke tsara mutane, ya ce wannan ya ɗaga haɓa, waccan ta matso, ya duba haske ya faɗi lambar da za a saita kyamara a kai. Yaya ke sauya ido ta danna. Ɗinki ya ragu, ta daina karɓar na gaggawa.

Masu zuwa ma sun ragu, kowa da wayarsa. Waɗanda suka rage yawanci tsofaffi ne masu son hoton da za a rataya a bango. In suka shigo, Auta suke gaisarwa su tambaye shi jiki, sannan su juyo wajen Yaya su ce a gyara musu kwalar riga kafin a ɗauka.