Turmin da Na Kai Doha

Ni dai da turmina na shiga jirgi. Ɗana direba ne a Doha, matarsa na da tsohon ciki, ya aiko in zo in zauna da ita har ta sauka. Wa ya taɓa ganin mai jego ba yaji?

Gidan da suke haya a unguwar Fereej Abdel Aziz bene ne, an yanka shi ɗaki-ɗaki. Akwai Indiyawa, akwai 'yan Masar, mu Hausawa ɗaki uku. Ban jima ba sai ga wakilin mai gida, yana ta ƙamshin turare, ya tara maza a ƙofa. Ya ce daga yau ba daka a ginin, wai yana tsaga bango, wanda ya yi kuma ya kwashe kayansa. Dokar ta kowa ce, in ji shi, ba ruwanta da launin fata.

Na ce da ɗana, "Tambaye shi, ban da mu wa ke da taɓarya a gidan nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ki rufa mini asiri."

Maƙwabta injin markaɗensu na kuka tun safe har bango na rawa, amma inji ba ya cikin doka. Na sa ɗana ya kai ni wurin wani likita ɗan garinmu a unguwar Aziziya, ko zai tsaya mana. Ya ba mu lemo, ya saurare ni, ya ce tunda ba a kira sunan Bahaushe ba, babu ƙarar da za a kai. Matarsa ta miƙo mini tsohon injinta. A kan kujera na bar mata.

Da yarinyar ta sauka na shimfiɗa bargo, na ɗora turmi, na daka citta da kanumfari da masoro da rana tsaka. Kafin suna wakilin ya zo ya ce khalas, wato shi ke nan, mu kwashe kayanmu. Sauran ɗakunan Hausawa biyun ma shekara ba ta zagayo da su a gidan ba. Indiyawa da 'yan Masar ko mutum ɗaya bai motsa ba.

Duk ɗakin da ɗana ya nema ya fi ƙarfinsa. Ya sa mu a jirgi, ni da mai jego da jinjiri, shi ya koma ɗakin gwauraye. Sai da yaron ya fara gudu ya sake ganin ubansa. Uwar har yau daga nesa take gaishe ni. Can ta matse mata. Yajin dai ta ci, ta kuma warke.

Turmin kuwa, kaya sun yi yawa, can aka bar shi. Ɗana ya ce wakilin ya ajiye shi a ƙofar gidan, ya shuka fure a ciki.